Ledar Ƙasar Sin da Yashin Sule Tankarkar

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a Sule Tankarkar, ko Gumel da Maigatari da Gagarawa, ya san halin ƙasarmu. Yashi ce. Ruwa ya sauka da daddare, kafin azahar bayan kunya ya bushe. Damina kuma gajeriya ce, wata shekara ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba. Shi ya sa da aka fara jin labarin manoman ƙasar Sin masu shimfiɗa leda a gona, jama'a suka kasa kunne.

Labarin ba ƙarya ba ne. Tun wajen 1979 Sinawa suka koyo dabarar daga Japan, ta kuma bazu a wurare masu ƙarancin ruwa kamar lardin Gansu. Sukan rufe kunya da leda, ruwan sama ya gangara cikin kwari inda shuka take, rana kuma ba ta shanye danshin ba. Masara da dankalin turawa sun yi albarka ƙwarai ta haka.

Amma 'yan'uwa, Gansu ƙasar sanyi ce, rabin aikin ledar ɗumama ƙasa ne. Mu nan, a watan Mayu yashi ƙona tafin ƙafa yake yi. Farar leda a kan irin wannan ƙasa tana iya dafa tsiro. Ga tsada. Ga kuma guntayen da ke saura bayan girbi, waɗanda suka dami Sinawa har a 2018 suka hana yin ledar gona da kaurinta bai kai milimita 0.01 ba, domin siririya ba ta kwasuwa. Mu da dabbobi ke shiga gonakinmu da kaka, kowa ya san abin da leda ke yi wa cikin akuya. A ganinmu, mai lambun tumatir ko kankana da sanyin hunturu zai iya gwada ta a 'yan kunyoyi. Gonar gero kuwa, karan da muke kwashewa kaf shi ne murfinta, ko da yake mun san shinge da murhu da shanu duk suna jiransa.

Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne sauya shuka. Gero bana, gero baɗi, gero baɗin baɗaɗa, nan ne ƙuduji, wato wuta-wuta, ke samun gindin zama, don irinsa yakan yi shekara goma ko fiye a ƙasa yana jiran saiwar hatsi. Wake da gyaɗa ba ya kama su, suna kuma barin taki a ƙasa, ga harawa.

Masu binciken IITA na Kano sun gwada jeri biyu na hatsi, jeri huɗu na wake, sa'an nan baɗi a musanya wurarensu. Wannan ya dace da mai ƙaramar gona wanda ba zai iya hana kansa gero shekara guda ba. Sai dai wake ma yana da nasa ƙudujin dabam, saboda haka a tambayi malaman gona na JARDA irin da ke jure masa, kamar SAMPEA 10 da aka fitar a 2008, tun kafin ruwan shuka ya sauka.