Fi'ilin "ci" da aikin hunhuna a rumbunan Dungas

A ƙasar Dungas, in gujiya ta sha laima cikin rumbu, manomi yakan ce hunhuna ta ci ta. Wannan fi'ili ya dace da abin da masana suka tabbatar, sai dai cin hunhuna dabam yake da na dabba, gama ba ta da baki, ba ta da tumbi. Siraran zarurruka take kutsawa cikin ƙwaya, su zubo sinadaran narkarwa, watau anzim. Wani yana narkar da mai, wani gari, wani ɓawo, sa'an nan zaren ya tsotse abin da ya narke.

Ta haka karan hatsi da ganyen gawo suke ruɓewa su zama taki. Amma hunhunar da ake kira Aspergillus flavus tana barin dafi mai lahanta hanta, aflatoksin. Shi ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960, bayan sun ci abincin da aka haɗa da gujiya. Dahuwa ba ta kawar da shi, gogewa kuwa baya kaɗai take sharewa. Tilas a shanya gujiya ta bushe sarai kafin ta shiga rumbu.