Malamin Addini a Jami'ar Jalingo da Dokar Masu Nakasa

A watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar haramta wariya ga masu nakasa. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen hukuma yadda za su shigu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma a garuruwa irin su Jalingo, abin da liman ko fasto ya faɗa game da nakasa ya fi takardar Abuja isa kunnen iyaye.

Nan ne aikin masu nazarin addini a Jami'ar Jihar Taraba yake da nauyi. An kafa jami'ar a 2008, zamanin Gwamna Danbaba Suntai, a jihar da Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya suke cin kasuwa ɗaya. Mai binciken da ya haɗa addini da al'amuran mata da nakasa yana tambayar abin da doka ba ta tambaya: me ya sa ake ɓoye yarinya kurma a gida alhali an kai ƙaninta makaranta? Wa zai auri makauniya, wa zai tsare mata gadonta?

Yana da hujja a littattafan addinan biyu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina. A babi na 9 na Linjilar Yahaya kuma, an kore zaton cewa zunubin iyaye ne ke jawo makanta.

Sai dai tsanin aikin yana da tsawo. Daga mataimakin malami zuwa farfesa, digirin digirgir da yawan maƙalu a mujallun ilimi ne ma'aunin ƙarin girma, kuma mafi yawansu da Turanci ake rubuta su. Awannin da malami ya ɓatar yana tattaunawa da limamai da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ba su cika ƙara masa maki ba.

Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin karatun malamai da bincikensu, Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa kuma tana aiki tun 2020. Jami'an da ke tsara kasafin hukumomin nan biyu ne za su iya sa binciken Jalingo ya fito daga ɗakin karatu ya isa mumbari.