Shirin Musamman: 13 ga Afrilu a Tarihin Njamena

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Klémat, manya da yara, da maƙwabtansu na sauran unguwannin Njamena, da 'yan'uwa na ƙetaren kogi a Kusiri. Yau rana guda muka ɗauko daga kalanda, wato 13 ga watan Afrilu. Sau uku wannan rana ta girgiza birnin nan: a 1975, da 1976, da kuma 2006. Duk wanda ya haura shekara sittin a garin nan, ina jin ba sai an tuna masa ba.

(Kiɗa kaɗan)

Ranar Lahadi ce, 13 ga Afrilun 1975. Tun da asuba sojoji da jandarmomi suka kewaye gidan shugaban ƙasa, Ngarta Tombalbaye, suka yi ta musayar wuta da masu tsaronsa. Kafin rana ta faɗi, mutumin da ya karɓi 'yancin Chadi daga hannun Faransa a ranar 11 ga Agustan 1960 ya kwanta dama. Janar Noël Odingar ne ya riƙe ragama na ɗan lokaci, sannan aka buɗe kurkuku aka fito da Janar Félix Malloum, aka ɗora shi shugaban majalisar ƙoli ta soja.

To amma me ya kai Tombalbaye, tsohon malamin makaranta, ga wannan ƙarshe? Sai mun koma baya. A 1962 ya haramta duk jam'iyyu, ya bar tasa ita kaɗai, wato PPT. A 1965 manoman Mangalmé, a yankin Guéra, suka gaji da masu karɓar haraji da ke tatsarsu fiye da ƙima, suka yi bore, aka murƙushe su da ƙarfin bindiga. Shekara guda bayan haka, a garin Nyala na Sudan, aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat ƙarƙashin Ibrahim Abatcha. Daga nan arewa da gabashin ƙasa ba su sake samun barci mai daɗi ba.

A 1973 kuma sai shugaban ya ɓullo da shirin komawa ga al'adun gargajiya. Ya ajiye sunansa François ya ɗauki Ngarta. Fort-Lamy ta zama Njamena, Fort-Archambault kuwa tun 1972 ta zama Sarh. Wannan kam babu laifi, sunayen sun zauna har yau. Inda aka samu matsala shi ne da ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shiga daji yin yondo, al'adar kaciyar hankali ta ƙabilar Sara, ko mutum yana so ko ba ya so, har da Kiristocin da addininsu ya hana. Ga fari ya cinye dabbobi, ga yunwa a ƙauyuka. Kuma a shekarar nan ta 1973 ya kama shugaban rundunar sojansa, Malloum ɗin da muka ambata, ya ɗaure bisa zargin maƙarƙashiya. A farkon Afrilun 1975 ya ƙara kama wasu manyan hafsoshin jandarma. Sauran hafsoshin suka duba suka ga gobe kansu za a zo.

Ku lura da wani abu, jama'a. Shekara tara 'yan tawayen arewa suna yaƙarsa ba su kayar da shi ba. Waɗanda suka kayar da shi 'yan kudu ne irinsa, sojojin da shi ya ɗaura wa anini. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da shekara ta zagayo, ranar 13 ga Afrilun 1976, sojoji suka shirya bikin cika shekara guda da juyin mulkin, sai aka jefa gurneti a wurin taron, ana hakon Malloum. Shi ya tsira, wasu da ke wurin ba su tsira ba. Mulkinsa ma bai yi nisa ba. Ya ɗauko Hissène Habré ya naɗa firaminista a 1978, a Fabrairun 1979 suka juya wa juna bindiga a tsakiyar birnin nan. A Kano aka zauna sulhu a watan Maris na shekarar, Malloum ya sauka, ya zauna gudun hijira a Najeriya fiye da shekara ashirin, bai dawo gida ba sai 2002.

(Kiɗa)

Bari mu ɗan leƙa waje kafin mu dawo. A wannan Lahadin dai da aka kashe Tombalbaye, a unguwar Ain el-Remmaneh ta birnin Beirut, an yi harbi a ƙofar wani coci, 'yan bindigar jam'iyyar Kata'ib kuma suka buɗe wuta kan motar safa ɗauke da Falasɗinawa, suka kashe fiye da ashirin. Daga ranar ake lissafin yaƙin basasar Labanan, wanda bai ƙare ba sai 1990. Kwarorin Kano da na sauran biranenmu sun san wannan rana sarai. Masu son finafinan Indiya kuwa wataƙila sun taɓa jin sunan Jallianwala Bagh, fili mai katanga a garin Amritsar. A can ne, ranar 13 ga Afrilun 1919, Janar Reginald Dyer na Ingila ya sa sojojinsa suka harbi taron jama'ar da ba su riƙe da makami. Turawa sun ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce sun haura dubu.

(Kiɗa kaɗan)

Mu dawo gida. Alhamis, 13 ga Afrilun 2006. Wannan kam matasan Klémat da yawa sun ji ta da kunnensu. 'Yan tawayen FUC, ƙarƙashin Mahamat Nour Abdelkerim, suka taso daga iyakar Sudan cikin motocin a-kori-kura na Toyota, suka bi ta Mongo, suka share ɗaruruwan kilomita cikin 'yan kwanaki, da asuba sai ga su a bakin Njamena. An gwabza har kusa da ginin majalisar dokoki. Da hantsi ya yi tankokin gwamnati sun fi ƙarfinsu, ga kuma jiragen Faransa suna shawagi a sama. Ɗaruruwan mutane sun mutu, cikinsu har da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Washegari Shugaba Idriss Déby ya yanke hulɗa da Sudan, yana zarginta da ɗaukar nauyin harin.

Wasu kan ce ranar ce ke da baƙin jini. Ni ban yarda ba, domin dalilan a fili suke. A 2005 an gyara tsarin mulki an cire ƙa'idar wa'adi biyu, an kuma sa zaɓe ranar 3 ga Mayun 2006, 'yan tawayen na son su riga zaɓen. Man fetur na Doba ya fara gudu zuwa Kribi tun 2003, kujerar mulki ta ƙara maiƙo. Sannan ga damina na tafe: da zarar ruwa ya sauka, koramun gabas sun cika, mota ba ta wucewa. Wanda zai taso da rundunar motoci daga yankin Darfur na Sudan, dole ya zo da rani. Shi ya sa harin da ya fi wannan muni, wanda ya kori dubban mutane zuwa Kusiri, shi ma da rani ya zo, a farkon Fabrairun 2008.

Shi kuwa Mahamat Nour, a Disambar 2006 ya sa hannu kan sulhu a birnin Tarabulus na Libiya, a Maris ɗin 2007 aka naɗa shi ministan tsaro, kafin shekarar ta ƙare aka tuɓe shi. Watanni goma sha ɗaya ke nan tsakanin harbin birni da hawa kujerar tsaronsa. Iyalan waɗanda suka rasu a ranar ba su samu kujerar kowa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Iyayenmu da kakanninmu da suka ga 1975 da idonsu, don Allah ku zaunar da jikoki ku ba su labarin yadda kuka gani, tun kuna da ƙarfin bayarwa. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu haye kogi zuwa Kusiri, mu duba 22 ga Afrilun 1900, ranar da Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a yaƙi guda. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)