Gari Na Cin Gona a Zuru: Kafin a Yanka Fuloti, a Bar Hanya

Wanda ya san Zuru a da ya san gonakin dawa da ke gefen Rikoto da hanyar Dabai. Yau da yawansu sun koma gidaje. Zuwan Jami'ar Noma ta Tarayya a 2020, da jama'ar da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu, sun sa fuloti ya yi tsada.

Ba faɗaɗar garin ce matsalar ba, yadda ake yankan ne. Kowa ya yanka nasa, sai ka ga lungu ya ƙare a jikin katanga, bai haɗu da wani titi ba. Shi ke nan, gonar da ke baya ta kulle. Amalanke ba ta shiga, balle tarakta. Taki da amfanin gona sai dai a ɗauka a ka. Da damina kuma ruwan da ke gangarowa daga tudu ya rasa mafita, ya zaizaye maka gona.

To, mene ne abin yi? Kafin a sayar, maƙwabtan gona su zauna su fitar da hanya mai ɓullewa, mai faɗin da motar kaya za ta wuce, a bar magudanar ruwa. A rubuta a takardar ciniki, mai unguwa ya shaida.

Ƙungiyoyin manoma kuma su nemi takardar mallaka. A dokar filaye ta 1978, filin cikin gari na hannun gwamna ne, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa.

Hanyar da ba a bari yau ba, gobe sai an rusa gini.