Shin Ko Kun San? Libreville, Garin 'Yantattun Bayi a Bakin Teku

Shin ko kun san cewa lokacin kaka, sa'ad da ake girbin dawa a Katsina da Maraɗi ana jiran hunturu, a lokacin ne sama take ɓarkewa a Libreville? Babban birnin na Gabon yana dab da layin da ya raba duniya biyu, tsakaninsu bai kai kilomita 50 ba. Raninsu daga Yuni ne zuwa Satumba. Oktoba da Nuwamba kuwa ruwa ake shararawa kamar da bakin ƙwarya, kuma abin da ke sauka a shekara ya ninka na Kano kusan sau uku. Mai niyyar zuwa a waɗannan watanni kada ya manta da laima.

Ko kun san 'yantattun bayi ne suka ba garin suna? A 1846 sojojin ruwan Faransa suka kama wani jirgin fataken bayi mai suna Elizia. Bayan mutanen cikinsa sun yi zama a Senegal, sai aka kawo 52 daga cikinsu bakin kogin Komo a 1849, aka kira wurin Libreville, wato garin 'yanci, irin sunan Freetown ta Saliyo.

Amma fa ba kango suka tarar ba. Ƙabilar Mpongwe ta daɗe a wurin, tana ciniki da jiragen Turawa. Ɗaya daga cikin sarakunansu, Denis Rapontchombo, ne ya sa hannu a yarjejeniya da Bouët-Willaumez na Faransa a 1839, kuma har gobe unguwannin Louis da Glass sunayen sarakunan Mpongwe suke amsawa. A Glass ɗin ne 'yan mishan na Amurka suka kafa tasharsu ta Baraka a 1842. Faransawa suka gina ganuwar Aumale a 1843, inda majami'ar Sainte-Marie take yanzu. A ganina daga nan ya kamata baƙo ya fara, kuma da ƙafa, domin wanda ya tsaya ga dogayen benayen bakin teku zai ɗauka kuɗin man fetur ne suka haifi garin jiya-jiya.

A unguwar Nkembo akwai cocin Saint-Michel mai ginshiƙan katako 31. Kowane ginshiƙi an sassaƙe shi daga gindi har sama, mutum a kan mutum, ana ba da labaran Littafin Kirista da fuskoki irin na mutanen ƙasar. Matsa kusa ka ga inda bakin ƙarfen masassaƙi ya bi ya fitar da yatsu da naɗin tufafi. Duk wanda ya san wahalar sassaƙa turmi ɗaya zai jinjina wa mai wannan hannu.

Libreville ce hedikwatar Kwangon Faransa daga 1888 zuwa 1904, kafin a mayar Brazzaville. A Nuwamban 1940 kuma Faransawa suka gwabza da junansu a nan, mutanen Janar de Gaulle suka ƙwace garin daga hannun magoya bayan gwamnatin Vichy.

Shin ko kun san matafiyi Musulmi ba zai rasa sahu ba? Shugaba Albert-Bernard Bongo ya musulunta a 1973 ya koma Omar, kuma Masallacin Hassan na Biyu, wanda Maroko ta gina aka buɗe a 1983, yana kusa da fadar shugaban ƙasa. Hausawa ma ba baƙi ba ne a Gabon. Fatake sun gangaro ta Kamaru tun zamanin Turawa, suka yi kaka-gida a garuruwan arewa irin su Oyem da Bitam, jikokinsu 'yan ƙasa ne. Shiga kasuwar Mont-Bouët, wadda ta fi kowace girma a birnin, ka yi sallama a layin 'yan atamfa ko wajen masu nama, da wuya ka fita ba a amsa maka da Hausa ba. Gasasshen naman da ake yayyankawa a takarda a barbaɗa yaji, can coupé-coupé suke ce masa. Miyar odika kuwa daga ƙwallon da ake yin ogbono a Najeriya take, sai dai su sukan soya shi su daka, ya daskare ya zama curi, ana kankara ana zubawa a tukunya.

Akwai abin da ɗan Najeriya ya kamata ya sani. Gabon na cikin ƙasashen Afirka huɗu da suka amince da Biyafara a 1968, tare da Tanzaniya da Kodebuwa da Zambiya. Daga filin jirgin Libreville jirage suka riƙa tashi cikin dare zuwa Uli, zuwa Libreville ɗin kuma aka kwaso dubban yaran da yunwar yaƙin Biyafara ta galabaitar.

Masu son ƙwallo fa? Ranar 27 ga Afrilu 1993 jirgin 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Libreville, mutum 30 suka rasu. A wannan gari dai, a Fabrairun 2012, Zambiya ta ci Kofin Afirka bayan ta doke Kodebuwa 8 da 7 a bugun fanareti.

Ladan shan ruwan Nuwamba yana tsallaken kogi. Kwale-kwale mai inji zai kai ka Pointe Denis cikin kamar rabin awa. A watan ne manyan kunkurayen teku suke fara fitowa da dare a rairayin gandun Pongara, ɗaya daga cikin gandaye 13 da Gabon ta keɓe a 2002, su haƙa rami su zuba ƙwai. Ba a haska musu fitila, ba a taɓa su.

Mutanen Nijar su lura: sefar Gabon ta Afirka ta Tsakiya ce, ba a sayayya da ta Yamai sai an canza. Gabon kuma ba ta cikin ECOWAS, don haka sai da biza da katin allurar shawara. Ɗan'uwa, ka bi ta hanyar takarda, kada ka yarda wani ya ɗora ka a jirgin katako daga gaɓar Kalaba da sunan sauƙi.