Cinikin Biri a Sama: Matasanmu da Odar Jita Mai Tsada

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Jitar Yamaha FG800, wadda a Amurka ake saya wa ɗan koyo, kuɗinta ya ɗan haura dala 200. Kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ta riga ta wuce naira 300,000, sama da albashin wata huɗu ke nan ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Martin D-28 kuwa, wadda kowane makaɗin jita ke burin ya riƙe, ta haura dala 3,000, wato sama da naira miliyan huɗu da rabi. Duk mai hankali zai zaci wanda zai zuba irin wannan kuɗi sai ya je ya gani da idonsa, ya taɓa, ya saurara. Abin da ke faruwa a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa a Jigawa akasin haka ne. Matasan da ke son jita ba su da yawa, amma suna ƙaruwa, musamman ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da na sabuwar jami'ar fasaha ta Babura, kuma yawancinsu a waya suke ganin hoto, su tura kuɗi, su zauna jiran direba ya kira su daga tasha. Wannan ciniki asara ce, kuma wanda ya fi ƙaramin ƙarfi a cikinsa shi ke ɗaukar asarar.

Dalilan da aka saba kawowa sanannu ne. Babu shagon kayan kiɗa na zamani a nan kusa, sai an dangana da Sabon Gari a Kano. Kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Jumia da Jiji da Facebook sun saba wa mutane da oda, taransifa kuma ta zama ruwan dare. Duk gaskiya ne, amma ba su isa bayani ba. Saurayin da ke cewa Kano ta yi nisa, shi ne zai shiga mota ya je Farm Centre don wayar dubu ɗari biyu, ya kunna ta, ya gwada kyamara, ya sa abokinsa ya duba ko an taɓa kwance ta. Mai ɗinki ba ya sayen shadda sai ya murza ta a Kantin Kwari. Kano tafiyar zuwa da dawowa ce a yini guda. Me ya sa jita kaɗai ake saya ido rufe?

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, mai koyon jita a yankinmu ba shi da ubangida. A da, kayan kiɗa ta hannun mutum suke zuwa. Yaron da zai koyi gurmi ko garaya ko kukuma yana bin wani, ya ɗauki kaya, ya yi amshi, ya ga yadda ake zaɓen ƙwarya, yadda ake jiƙa fata a ɗaure, yadda ake shanya ta har ta yi sauti. Ranar da zai mallaki nasa, ko dai maigidan ya haɗa masa, ko ya kai shi wurin wanda ya iya. Gurmin Haruna Uji na Haɗeja da kukumar Hassan Wayam ba a kwali suka zo ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma mai shi ya san kowane lungu nasa. Ko a jitar ma haka abin yake a maƙwabta: Mdou Moctar na Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari. Wanda ya fara ta nan ba a yi masa wayo a ciniki, domin hannunsa ya san abin da yake nema.

Ɗan koyon yau YouTube ne malaminsa. Yana koyo shi kaɗai a ɗaki, da abin sauraro a kunne, bai taɓa riƙe jita biyu a jere ya ji bambancinsu ba. Ko ya shiga shago bai san abin da zai duba ba, don haka a ganinsa shago da waya duk ɗaya ne, wayar ma ta fi sauƙi. Ga kuma kunya. Har gobe akwai gidajen da suke ɗaukar kiɗa sana'ar roƙo ce, ɗan mutunci ba ya ratsa kasuwa da jita a kafaɗa. Kwalin da aka naɗe da salatif ya sauka a tasha da magariba yana rufa asiri. Kaɗaici da kunya su ne suka tura matasa ga oda, tsadar mota ta zo ta ba su hujja.

Illar kuwa daga katakon take farawa. Jita mai tsada fuskarta falle ɗaya ce ta itace, kaurinta wajen milimita 3, an kankare ta don ta yi rawa da sauti. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan ta da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Kamfanoni irin su Martin da Taylor suna so a ajiye jitarsu inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan arewa, lokacin hunturu da bazara, damshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Jitar da ta kwana watanni a sito a Legas ta sha damshin teku ta kumbura. A ɗora ta a motar kaya, ta yi tafiyar kilomita kusan dubu cikin zafin da ke sassauta gam, a sauke a Kano, a sake ɗorawa a ƙaramar mota a ƙarƙashin buhuna, ta iso Babura cikin iskar da ke fasa leɓe. Katakon zai tsuke. Fuskar ta lotsa, bakin ƙarafunan da ke jere a wuya su fito su riƙa yankar yatsa, ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiya ya fara ɗagowa, wani lokaci fuskar ta tsage daga nan har gindi. Garantin manyan kamfanonin bai shafi tsagewar da bushewar iska ta jawo ba.

Jitar da ta shekara a rataye a shagon Kano ta riga ta ga hunturu. In za ta tsage ta tsage, in ta tsira mai saye yana gani. Wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya. A shago mutum zai ɗaga ta ya hangi wuyan daga sama ya ga ko ya karkace. Zai duba tazarar tsirkiya da wuya a ƙarfe na 12, wadda bai kamata ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Zai danna kowane gurbi ya ji ko akwai mai zuza, ya leƙa ciki ya ga aikin gam da lambar kamfani, domin jabun Martin da Gibson sun cika intanet, kuma a hoto ba a rabe su da na gaske. Sannan jita biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya ba sa yin sauti ɗaya, tun da ba daga itace ɗaya aka yanko su ba. Bidiyon da mai sayarwa ya turo sautin wata jitar ce, a hannun gwani, ta makirfo mai kyau.

Asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Ɗan koyon da aka kawo wa jita mai tsirkiya a sama zai yi ta fama, yatsunsa su yi kanta, sautin ya ƙi fita, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa. Bai san laifin na kayan ba ne, bai san akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita ba, ba kuma wanda zai gaya masa. Jitar ta koma bayan ƙofa, bayan wata uku a saka ta a kasuwa da rabin kuɗi. Kuma kowace oda da ta tsallake Kano ta tafi Legas ko Chana tana rage wa ɗan kasuwar kusa dalilin ajiye kaya masu kyau, tana rage wa mai gyara dalilin koyon gyara. Rashin shago ya haifi oda, oda kuma tana hana shago tsayuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mun san hukuncin irin wannan ciniki tun muna zaure. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane gari a ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gani, sai in kayan na kusa, ko kuwa irin wanda ba a tsoron ya canza ne, kamar gida ko fili. Jitar katako a kan hanyar Legas zuwa Jigawa ita ce ainihin kayan da ke nesa kuma ke canzawa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, in sun saɓa da yadda aka siffanta. Sai dai wanda ya tura kuɗi ga wani mai shafi a Instagram, ba rasit, ba adireshi, wa zai kai ƙara? In ma ya samu mai sayarwar, amsar a shirye take: lafiya lau ta bar hannuna, ka tambayi direba.

Masu oda suna da tasu hujjar, kuma ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Shagunan Kano sun fi ajiye kayan da coci-coci da masu biki ke nema, ba kasafai za a tarar da jitar miliyoyi a rataye ba. Bahago zai iya zagaye kasuwar bai samu tasa ba. Budurwar da ke son koyo ba lallai a bar ta ta tafi Sabon Gari ba. Tsirkiya da jaka da abin saita sauti kuwa, a yi odarsu, ba abin da zai same su. Jita mai araha ta katako mai falle-falle, irin Yamaha F310, tana jure hanya da hunturu fiye da mai tsada, kuma ita ce ta dace da ɗan koyo a ƙasarmu. Amma wannan hujjar tana ƙarewa daidai inda kuɗin ya fara nauyi. Iya tsadar jita, iya laushin jikinta, iya kuma haɗarin sayenta ba a gani ba.

Wanda dole ta sa shi oda, to ya bi ta hannun ɗan kasuwar da ke da shago a Kano, ya ba da kafin alƙalami, kayan su sauka a shagon, su huta kwanaki, a buɗe a gabansa, ya cika kuɗi bayan ya gwada. Ya tafi da wanda ya fi shi sani, ko da makaɗin coci ne, ko da mai gurmi ne, domin kunnen da ya san sautin ƙwarya zai gane katakon da ya mutu. In ya kawo ta gida ya riƙa ajiye ta a akwatinta, da ɗan soso mai damshi a cikin roba mai huji, daga Nuwamba har ruwa ya sauka.

Gyaran da ya fi wannan ɗorewa yana hannun masu koyon kansu. Ɗaliban da ke kaɗa jita a Kazaure da Babura su san juna, su riƙa zama tare, sabon shiga ya riƙe jita uku ko huɗu kafin ya fitar da sisinsa. Cikin kafintocinmu masu hannu a samu ko mutum ɗaya ya koyi daidaita wuya da ɗinke tsaga, zai samu masu nemansa daga Ɗambatta har Daura. Iyaye kuma su sani, yaron da aka hana ya sayi abu a fili zai saya a ɓoye, kuma a ɓoye ake cutarsa.