Yadda Ake Gano Jiragen Yaƙin da Suka Faɗo da Matuƙansu

A ranar 15 ga Satumba, 1940, jiragen saman Jamus sun kai wa birnin Landan farmaki har sau biyu da rana tsaka, jiragen Birtaniya kuma suka tare su. Washegari jaridun Ingila suka fito da albishir cewa an kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, takardun rundunar saman Jamus suka shiga hannu, sai aka tarar abin da ta rasa a ranar bai wuce 60 ba. A 1947 gwamnatin Birtaniya da kanta ta rage lissafin gumurzun gaba ɗaya, wanda aka yi daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba na 1940, daga jiragen Jamus kusan 2,700 zuwa 1,733. Jamusawa ma haka suka zarce, don sun ce sun harbo fiye da 3,000, alhali jiragen farauta da Birtaniya ta rasa kusan 1,000 ne.

Kafin a fahimci inda wannan tazara ta fito, sai an san yadda ake rubuta labarin faɗan sama tun daga tushe. Jiragen farauta, wato ƙananan jirage masu gudu da aikinsu shi ne harbo wasu jiragen, an kasa su rukuni-rukuni. A rundunar saman Birtaniya ta wancan lokaci, rukuni ɗaya yakan tashi da jirage 12, da wasu 'yan kaɗan a ajiye, matuƙa kuma sun ɗan fi jiragen yawa. Kowane rukuni yana da kundin ayyukansa mai fom iri biyu. Fom mai lamba 540 yana ba da labarin wata a taƙaice, kamar sauyin sansani, da zuwan sababbin matuƙa, da yanayin sama. Fom mai lamba 541 kuwa yana bin kowane tashi ɗaya bayan ɗaya, da lambar jirgi, da sunan matuƙi, da lokacin tashi da na sauka. Idan jirgi bai dawo ba, gurbin sauka yakan zauna babu komai, ko a rubuta 'yan kalmomi cewa bai komo ba. Waɗannan kundaye suna Ma'ajiyar Takardun Ƙasa da ke Kew, a yammacin Landan, kuma da su mai bincike yake farawa.

Sai dai kundin ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Wani jami'in yakan cika shafi da bayani, wani kuwa layi biyu ya ishe shi. Sau da yawa ma ba a ranar ake rubutawa ba, sai ƙarshen wata a tattara daga 'yan takardu, shi ya sa ake samun lambar jirgi ɗaya a hannun mutum biyu a sa'a guda.

Takarda ta biyu ita ce rahoton artabu. Da zarar matuƙi ya sauka, jami'in tattara bayanai yakan tare shi ya ji abin da ya faru, sannan a sa iƙirarinsa a ɗaya daga matakai uku: ya hallaka jirgin, ko mai yiwuwa ya hallaka shi, ko ya ji masa rauni. A nan ne lissafi yake kumbura, kuma yawanci ba don an shirya ƙarya ba. Jiragen farautar Birtaniya ƙirar Spitfire da Hurricane suna gudun da ya haura kilomita 480 a sa'a, harsasan bindigoginsu takwas kuma ba sa wuce daƙiƙa 15 idan aka danna babu sassauci. Matuƙi ya yi harbi, ya ga hayaƙi, dole ya waiwaya ya duba bayansa, don wanda ya tsaya kallon faɗuwar abokin gaba shi ne na gaba a faɗuwa. Jirgin Jamus ƙirar Messerschmitt 109 kuma idan ya sunkuya da cikakken wuta don ya tsere, injinsa yakan fitar da baƙin hayaƙi, sai a ɗauka ya kama da wuta. Ga kuma jirgin da mutum biyar suka harba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma gida da yaƙinin shi ya kayar da shi, kamar mafarautan da suka taru a kan barewa ɗaya.

An ga irin wannan a ranar 15 ga Satumbar nan. Wani jirgin bama-bamai na Jamus ƙirar Dornier ya samu matsalar inji, ya rabu da 'yan uwansa a saman Landan, matuƙa daga rukunoni daban-daban suka yi ta zuba masa wuta. Daga ƙarshe Saje Ray Holmes na rukuni na 504 ya yi karo da shi, ya faɗo a bakin tashar jirgin ƙasa ta Victoria, Holmes kuma ya dira da lema. Jirgi ɗaya ne ya faɗo, amma ya shiga rahotanni da dama.

Abin da ke warware wannan cakwakiya shi ne takardun asara na ɗaya ɓangaren. Rundunar saman Jamus tana da ofishin kula da kayan yaƙi, wanda kowace ƙungiya take aika wa jerin jiragen da ta rasa ko suka lalace, da wurin da abin ya faru, da sunayen mutanen ciki, da girman ɓarnar a kan kashi ɗari. Kashi 100 yana nufin jirgi ya tafi ke nan, daga kashi 60 zuwa sama ba ya gyaruwa. Masu bincike sun fi amincewa da wannan jeri, kuma dalilin a fili yake. Ba don jama'a aka rubuta shi ba, an rubuta shi ne don neman madadi. Kwamandan da ya ɓoye asarar jirgi biyar, ba za a aiko masa da sababbi biyar ba. A ganina wannan ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani a fannin nan: idan ana son sanin asarar wani ɓangare, a tambayi ma'ajinsa, kada a tambayi wanda ya harbe shi.

Haɗa takardun biyu aiki ne mai cin rai. Agogon Jamusawa yana gaban na Birtaniya da sa'a ɗaya a bazarar 1940, dole a daidaita wannan tukuna. Matuƙin da ke sama da gajimare kan ambaci garin da yake zaton yana kai, alhali ya yi nisa da shi. Jirgin da Baturen Ingila ya ce ya faɗa teku, ƙila ya lallaɓa ya sauka a Faransa da ɓarnar kashi 40. Kuma takardun Jamus ba su cika ba, don an ƙona da yawa a 1945, jerin asarar 1944 kusan duk ya ɓace, abin da ya tsira yana ma'ajiyar soja da ke Freiburg. Saboda haka ana iya tabbatar da yawan jiragen da suka faɗo a rana kaza, amma a kasa cewa wane ne ya harbo wane.

Ba kuma kowace asara ce ta abokin gaba ba. Akwai karo a filin sauka, da ƙarewar mai, da ɓatan hanya. Daga 1940, a lokacin yaƙin, an riƙa harhaɗa jiragen Hurricane a Takoradi, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Hartum har zuwa Masar, kuma waɗanda suka faɗi a wannan hanya hazo da hadari da matsalar inji ne suka kayar da su. Irin waɗannan suna da nasu katunan haɗari, waɗanda ke gidan tarihin rundunar saman Birtaniya a Hendon.

Lissafin mutane ya fi na jirage wuya. Cikin ma'aikatan jirage kusan 3,000 da suka kare Birtaniya a gumurzun nan na 1940, 544 ne suka mutu kafin ƙarshen Oktoba. Wanda bai dawo ba, akan fara rubuta cewa ya ɓace. Idan yana hannun Jamusawa, ko sun binne shi, labari yakan biyo ta ƙungiyar Red Cross da ke Janeba. In an ji shiru na wasu watanni, sai hukuma ta ɗauka ya rasu. A 1944 rundunar ta kafa sashe na musamman don neman ɓatattu, wanda ya yi ta bin ƙauyukan Turai har 1952, yana tambayar limaman coci da magadan gari, yana tone kaburbura, yana gwada lambar inji ko sunan da ke jikin riga da abin da ke cikin fayil. Mutum kusan 42,000 ne a jerinsu na yaƙin gaba ɗaya, kuma sun gano makomar fiye da rabi. Waɗanda suka ɓace a Birtaniya da arewaci da yammacin Turai ba a san kabarinsu ba, su fiye da 20,000, an sassaƙa sunayensu a bangon tunawa da ke Runnymede, wanda aka buɗe a 1953.

Har yanzu ƙasa tana fitar da shaida. A 2004 aka tono injin jirgin Holmes daga ƙarƙashin wani titi kusa da tashar Victoria. Amma tun 1986 doka ta hana tone tarkacen jirgin soja a Birtaniya ba tare da lasisin Ma'aikatar Tsaro ba, kuma ma'aikatar ba ta bayar da shi idan ana zaton akwai gawar matuƙi a wurin.